Darasin Kimiyya: Yadda Ake Tantance Asalin Dogon Gidan Harsashin Ƙaramar Bindiga

Fanni: Fiziks da kimiyyar ƙarafa
Aji: Babbar sakandare

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya abubuwa huɗu:

1. Ya lissafa sassan gidan harsashi da aikin kowane sashe.
2. Ya yi amfani da dokar Hooke wajen bayyana dalilin da ya sa dogon gidan harsashi ya fi gajere wuyar ƙerawa.
3. Ya jera matakan da masu kula da gidajen tarihi ke bi kafin su ce wani gidan harsashi na soja ne.
4. Ya bambanta zato da hujja.

1. Gabatarwa

Ɗalibai, a Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da ke tara tsofaffin kayan yaƙi don sha'awa da nazari, akwai kuma gidajen tarihi masu adana su, irin su gidan adana makamai na masarautar Ingila da ke birnin Leeds. Cikin abubuwan da ake yawan kai wa irin waɗannan masana har da gidan harsashin ƙaramar bindiga wanda ya zarce mariƙin bindigar tsawo. Mai shi yakan zo da labari: wai wani kakansa ne ya dawo da shi daga fagen daga, ko kuma ɗan kasuwar da ya sayar masa ya rantse cewa na soja ne. Kalmar "na soja" tana ɗaga farashi, saboda haka akwai masu faɗinta ko da babu gaskiya a ciki.

Masanin kimiyya ba ya ƙaryata labarin, ba ya kuma gaskata shi. Yana ɗaukarsa a matsayin zato, sannan ya nemi shaidu daga jikin abin da kansa: tsawonsa, nauyinsa, irin ƙarfensa, rininsa, da hatimin da ke kansa. Darasinmu na yau a kan wannan hanya yake. Tsawo shi kaɗai ba ya mayar da gidan harsashi na soja, hatimi shi kaɗai ma ba ya yi. Sai shaidu da yawa, waɗanda ba su dogara da juna ba, sun haɗu a kan magana ɗaya.

2. Sassan gidan harsashi

Gidan harsashin ƙaramar bindiga akwati ne siriri da ake cusawa cikin mariƙi. Sassansa biyar ne:

- Gangar jiki: bututun ƙarfe ko na roba da harsasai ke jeruwa a ciki. Sau da yawa akan huda masa ƙananan ramuka a baya ko a gefe don a ga yawan abin da ya rage.
- Leɓɓa: gefuna biyu da aka lanƙwaso a sama, su ne ke riƙe harsashin da ke kan gaba kada ya yi tsalle ya fita.
- Mazauni: ɗan farantin da harsashi na ƙasa ke zaune a kai.
- Sifirin: waya mai lanƙwasa da ke tura mazauni sama.
- Murfin ƙasa: shi ke rufe gindi, sifirin kuma a kansa yake tokare.

Ana cewa gidan harsashi dogo ne idan ya ɗauki harsasai fiye da wanda aka tsara wa bindigar tun farko, har ya leƙo ƙasan mariƙi. Bindigar M1911 ta sojan Amurka harsashi 7 gidanta ke ɗauka, Luger P08 ta Jamus 8, Browning Hi-Power ta Beljiyam wadda ta fito a 1935 kuwa 13. Duk waɗannan daidai da mariƙi suke tsayawa.

3. Kimiyyar sifirin

A shekarar 1678 Robert Hooke, masani ɗan Ingila, ya wallafa dokar da ake kira da sunansa. Dokar ta ce ƙarfin da sifirin ke turawa da shi yana ƙaruwa daidai da yadda aka matse shi:

F = k × x

F shi ne ƙarfin turi, ana auna shi da niyuton. Harafin x tsawon matsi ne, k kuma taurin sifirin.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali. Mu ɗauka k = 0.2 niyuton a kowace milimita, kuma an riga an matse sifirin da milimita 50 tun gidan babu komai a ciki. Kaurin harsashi samfurin 9×19 a gindinsa kusan milimita 10 ne.

- Gida fanko: F = 0.2 × 50 = niyuton 10.
- Harsashi 8 a layi ɗaya: matsi ya zama 50 + 80 = 130, F = niyuton 26.
- Harsashi 32 a layi ɗaya: matsi ya zama 50 + 320 = 370, F = niyuton 74.

Niyuton 74 ya kai nauyin kilo bakwai da rabi. Babban yatsa ba zai ji daɗin danna harsashi na ƙarshe ba, kuma harsashin da ke sama zai manne wa leɓɓa da ƙarfin da zai iya hana shi fita sumul. To, idan aka ce a sassauta sifirin fa? Idan muna so ƙarfin ya tsaya a niyuton 26 lokacin da gidan ya cika, dole k ya sauko zuwa kusan 0.07. Amma a nan ƙarfin gida fanko zai koma 0.07 × 50, wato niyuton 3.5 kacal. Sifirin mai wannan sanyi ba zai ɗago harsasan ƙarshe da saurin da bindiga ke buƙata ba.

Wannan ita ce matsalar dogon gidan harsashi: da tauri a farko, da sanyi a ƙarshe. Ga kuma nauyi. Harsashi ɗaya na 9×19 yana da kusan giram 12, saboda haka 32 sun kai giram 384, duk a kan sifirin ɗaya. Dalili ke nan da ya sa rundunonin soja, waɗanda suka fi damuwa da kada bindiga ta cije a bakin aiki, ba su cika raba dogayen gidajen harsashi ga masu ƙananan bindigogi ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi tsufan sifirin. A tsakiyar ƙarni na 19 injiniya August Wöhler ya yi nazarin dalilin karyewar sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus, ya nuna cewa ƙarfe yana gajiya idan ana lanƙwasa shi ana saki sau da yawa, ko da nauyin bai kai na karya shi a karo ɗaya ba. Abin da ya fi cin sifirin mai kyau shi ne yawan matsi da saki da kuma tsatsa. Saboda haka ƙarfin sifirin ko sanyinsa ba ya gaya mana shekarun gidan harsashi. Banda haka, sifirin shi ne sashen da aka fi sauyawa.

4. Lissafin jeri

Hanya ɗaya ta ƙara yawan harsashi ba tare da gidan ya yi tsawo ainun ba ita ce jera su layi biyu, wannan a dama, wancan a hagu, kowanne ya shiga tsakanin biyu na ɗaya layin. Idan kaurin harsashi d ne, a jeri mafi matsatsi kowane sabon harsashi rabin d kawai yake ƙara wa tsawo, faɗin cikin gidan kuma ya zama kusan 1.87 × d.

Ga misali da harsashi 20 masu kaurin milimita 10:

- Layi ɗaya: 20 × 10 = milimita 200.
- Layi biyu: 10 + (19 × 5) = milimita 105, faɗi kusan milimita 19.

Amfanin wannan lissafi ga mai tantancewa a fili yake. Da ma'aunin kauri da rula kawai zai iya ƙiyasta irin harsashin da gidan ke ɗauka da kuma yawansa, ko da babu rubutu ko ɗaya a jikinsa.

5. Dogayen da sojoji suka yi amfani da su da gaske

Kafin a ce wani abu na soja ne, sai an san abin da sojoji suka taɓa karɓa. Jerin ba shi da tsawo.

Gidan katantanwa na Luger. A 1913 Jamus ta amince da doguwar Luger mai bututun milimita 200 don sojojin igwa, a 1917 kuma aka fito mata da gidan harsashi mai ɗaukar 32.  Yana da wuya miƙaƙƙe da ke shiga mariƙin bindiga, a ƙasan wuyan kuma akwai ganga mai zagaye da ta karkata gefe. Maƙeransa sun kauce wa matsalar da muka lissafa a sashe na 3 ta hanyar sa naɗaɗɗen sifirin irin na agogo a cikin gangar, wanda ake wanawa da wani ɗan hannu mai naɗewa. A jikin gangar akwai lambobi masu nuna yawan harsashin da ke ciki, mafi girmansu 32. Duk da haka ba a iya cika shi da yatsa, sai da wata na'ura ta musamman. Kamfanonin AEG na Balin da Bing na Nuremberg na cikin waɗanda suka ƙera shi, kuma da shi aka fara ciyar da bindigar MP18 a 1918. Yana da tsada a wurin masu tarawa, shi ya sa aka ƙera kwaikwayonsa daga baya.

Mauser mai saurin harbi. A farkon shekarun 1930 kamfanin Mauser ya fitar da wani samfurin bindigarsa C96 mai gida mai cirewa, na harsashi 10 ko 20. An sayar da su da yawa ga ƙasar Sin.

Stechkin. Tarayyar Sobiyat ta karɓi wannan bindiga a 1951. Gidanta na harsashi 20 ne samfurin 9×18, jeri biyu.

Beretta 93R da Glock 18. Ta farko daga Italiya, mai gidan harsashi 20 da ke leƙowa ƙasan mariƙi. Ta biyu daga Ostiriya, an ƙera ta a shekarun 1980 don dakarun yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan ƙasar, dogon gidanta kuma yana ɗaukar 33.

M17. A 2017 sojan ƙasa na Amurka ya zaɓi wannan bindiga ta kamfanin SIG Sauer, ana kuma ba da ita da gidan harsashi 17 da kuma dogo mai 21.

Ku lura da abu ɗaya: yawancin waɗannan bindigogi ne da aka yi don wani aiki na musamman, da yawansu masu ɓarin wuta ne. Dogayen gidajen harsashi da suka cika kasuwannin Amurka kuwa, akasarinsu kamfanoni ne suka ƙera su don 'yan gasar harbi da sauran farar hula.

6. Matakan tantancewa

*Mataki na ɗaya: awo.* Ana auna tsawo, faɗi, zurfi daga gaba zuwa baya, da karkatar jiki. Zurfin yana nuna tsawon harsashi: 9×18 kusan milimita 25 ne, 9×19 kusan 29.7, harsashin M1911 kuwa kusan 32.4. Ana duba inda aka yanka gurbin maƙalli, domin kowace bindiga da wurin da take kama gidanta. Wannan mataki yana amsa tambaya ɗaya kawai: na wace bindiga ne?

*Mataki na biyu: da me aka yi shi?* Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam ko tutiya ko roba. Nauyi ma yana magana: santimita kubik ɗaya na ƙarfe giram 7.85 ne, na tutiya 7.1, na alminiyam 2.7. Manyan gidajen tarihi suna da na'urar hannu mai haska ƙarfe da hasken eksire, ta karanta sinadaran da ke cikinsa ba tare da an kankare komai ba.

A nan akwai ƙa'ida mai ƙarfi: abu ba zai girmi kayan da aka yi shi da su ba. Leo Baekeland ya ƙirƙiro robar Bakelite a 1907. Wallace Carothers ya samar da nailan a 1935. Theodore Maiman ya kunna hasken leza na farko a 1960. Saboda haka mazaunin nailan ba zai fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, rubutun da aka ƙona da leza kuma ba zai fito daga na Biyu ba. Gidajen harsashin Luger misali ne mai kyau na yadda kaya ke sauyawa da zamani: na farko suna da gindin katako da jiki mai rufin nikel, daga baya aka koma gindin alminiyam, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka ga masu gindin baƙar roba. Sai dai a yi hattara, domin ana iya sauya mazauni ko murfin ƙasa. Gangar jiki ce uwar shaida.

*Mataki na uku: rini.* Ƙarfe tsirara yana tsatsa, saboda haka ake rufe shi. Hanyoyi biyu suka fi yawa. Ta farko ita ce rinin baƙi mai shuɗi-shuɗi, inda ake sa fatar ƙarfen ta koma sinadarin Fe₃O₄, wanda yake da santsi da sheƙi. Ta biyu ita ce rufin fosfet na tutiya ko manganis, mai launin toka da kaushi, wanda ke riƙe mai sosai. Sojan Amurka ya rungumi fosfet ƙwarai a Yaƙin Duniya na Biyu. Kaushin nan yana da illarsa: bayan 2003, a Iraƙi, an gano cewa yashi mai laushi yana maƙalewa a cikin gidajen harsashin bindigar M9 masu rufin fosfet, har aka sauya musu rufi.

Ga wani abu da ya kamata ku sani. Tsofaffin gidajen harsashin M1911, tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya har wajen 1940, launi biyu gare su: ƙasa baƙi mai shuɗi, sama fari-fari kamar an wanke. Dalili shi ne bayan an rina su, sai a tsoma saman cikin narkakken gishirin sayanaid mai zafi don leɓɓan su yi tauri, zafin kuma ya cinye rinin daidai inda tsomin ya tsaya. Layin da ke raba launukan biyu sawun aikin masana'anta ne, kuma yana taimakawa wajen sanin zamani.

*Mataki na huɗu: hatimi da lambobi.* Sojoji suna sayen kaya ne da kwangila, kwangila kuma tana barin sawu.

- Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ta ɓoye sunayen masana'antu da haruffa: byf na Mauser ne, ac na Walther, fxo na Haenel da ke garin Suhl. Jami'an duba makamai kuma suna buga ƙaramar gaggafa da lamba a ƙarƙashinta, kamar 135 a Mauser da 359 a Walther.
- A da, Birtaniya tana buga alamar kan kibiya a kan kayan gwamnati.
- A kan gidajen harsashin M1911 na lokacin yaƙi akan ga harafi ɗaya a leɓen murfin ƙasa, kamar R na Risdon ko S na Scovill.
- Ƙasashen ƙungiyar NATO suna ba kowane kaya lamba mai alƙaluma 13. Huɗun farko rukuni ne, 1005 na bindigogin da faɗin bakinsu bai wuce milimita 30 ba da sassansu. Biyun da ke biye suna nuna ƙasar da ta yi rajistar kayan: 00 ko 01 Amurka, 12 Jamus, 14 Faransa, 99 Birtaniya. Sau da yawa a kan leda ko kwalin da aka naɗe kayan ake samun lambar, shi ya sa mai adanawa ba ya yar da kwali.

Hatimi shi ne abin da ya fi sauƙin ƙagawa, don haka ake sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan aka buga hatimi, ƙarfe yana tashi kaɗan a gefen kowane harafi. A tsohon kaya, wannan tudu ya goge tare da sauran jiki, datti da tsatsar cikin ramin harafin kuma irin na kewaye ne. Idan jiki ya sha jiki amma bakin harafi yana da kaifi, cikinsa yana walƙiya, to hatimin ya zo daga baya. Ana kuma gwada girman harafi da wurin da aka buga shi da na wasu samfura da aka riga aka tabbatar.

Akwai rubutu ɗaya da ke ruɗar mutane. Daga 13 ga Satumba 1994 zuwa Satumba 2004, dokar tarayyar Amurka ta hana ƙera wa farar hula gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10. Waɗanda aka ƙera a tsakanin nan an rubuta musu cewa na jami'an tsaro da gwamnati ne kaɗai. Rubutun yana tabbatar da zamani, amma ba ya tabbatar da cewa soja ya taɓa riƙe abin, domin da yawansu 'yan sanda aka sayar wa.

*Mataki na biyar: takardu.* Rasit, takardar izinin dawowa da kayan ganima, littafin kaya na runduna, ko tsohon hoto mai kwanan wata. Takarda tana da daraja ne idan ta ambaci lamba ko siffar da ta dace da abin da ke hannu.

7. Haɗa shaidu

Aikin mai tantancewa kamar na alƙali ne: yana sauraron shaidu ɗaya bayan ɗaya, kuma idan shaida ɗaya tabbatacce ya rushe da'awa, yawan masu goyon bayanta ba ya tashe ta.

Mu gwada da misalin da muka ƙaga don darasi. An kawo wa gidan tarihi wani gidan harsashi, an ce sojan Amurka ne ya yi amfani da shi a 1944.

1. Awo: layi ɗaya ne, zurfinsa ya dace da harsashin M1911, wurin harsashi ya kai milimita 180. Kaurin harsashin kusan milimita 12 ne, don haka 180 ÷ 12 = 15.
2. Kaya: maganaɗisu ya kama gangar jiki, mazauni na nailan ne.
3. Rini: baƙi mai sheƙi daga sama har ƙasa, babu gogewa a inda maƙalli ke kamawa.
4. Hatimi: babu harafin ɗan kwangila, sai alamar gwamnati guda mai kaifin baki.
5. Takardu: babu.

Shaida ta farko ta nuna bindigar daidai ce, amma abin da aka raba wa sojoji mai harsashi 7 ne. Ta biyu ta karkata ga zamanin baya, ko da yake ana iya cewa an sauya mazaunin. Ta uku ta nuna bai sha aiki ba. Ta huɗu ita kaɗai ke goyon bayan labarin, kuma ita ce mafi rauni. Abin da za a rubuta a katin bayani shi ne: "Dogon gidan harsashin M1911, mai ɗaukar 15, ga dukkan alamu na kasuwa ne, an ƙera shi bayan yaƙi, hatiminsa abin shakka ne." Ku lura da yadda aka auna kalmomin. Masana sukan kasa hukuncinsu gida huɗu: tabbatacce, mai yiwuwa ƙwarai, mai yiwuwa, da wanda aka kore. Rubuta "mai yiwuwa" a inda shaida ta tsaya a nan shi ne aikin kimiyya na gaskiya.

8. Adanawa

Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, iskar oksijin da ruwa. Gishiri yana hanzarta ta, gumin hannu kuma yana ɗauke da gishiri, shi ya sa ma'aikatan gidan tarihi ke sa safar hannu. Sukan ajiye kayan ƙarfe a inda damshin iska bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba, da ƙunshin sinadarin silika mai tsotse laima, su kuma shafa kaki na musamman siriri. Ba sa goge tsohon ƙarfe da sanfefa, ba sa sake masa rini, domin yin haka share shaida ne. Ba sa ajiye shi cikin jakar fata, saboda sinadaran jima suna cin ƙarfe. Kowane kaya yana da lamba, da hoto ta kowace fuska, da katin da ke ɗauke da awonsa da inda ya fito.

9. Doka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, bayan ƙarewar dokar tarayya a 2004, jihohi irin su Kalifoniya da New York sun ci gaba da iyakance gidan harsashi a kan 10. A 2017 Tarayyar Turai ta tsaurara dokarta a kan gidan harsashin ƙaramar bindiga mai ɗaukar fiye da 20. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin rukunin makaman da aka haramta mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Wannan tarawa ba sana'a ba ce ko sha'awar da ɗalibi a nan zai shiga. Wanda ya tsinci gidan harsashi a gona ko a daji, kada ya ɗauka, ya sanar da babba a kai rahoto ga jami'an tsaro.

Inda ilmin ke da amfani a yankinmu shi ne bin sawun makamai. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta wajabta yi wa makamai alama da ajiye rajista. Masu binciken da ke duba makaman da aka ƙwato a yankin Sahel da awo da hoto da karatun hatimi suke gano masana'anta da shekarar ƙira, matakan da muka bi ɗazu.

10. Aikin aji

Ba a kawo wani sashen makami cikin aji. Kayan da ake buƙata su ne sifirin ɗin ɗakin gwaji, ƙananan duwatsun awo, rula, maganaɗisu, da alli guda 20 masu kauri ɗaya.

*Gwaji na farko.* A rataye sifirin, a ɗora masa giram 100, 200, 300 da 400 bi da bi, ana auna miƙewarsa. A mayar da nauyi zuwa niyuton (giram 100 kusan niyuton 1 ne), a zana jadawali, a fitar da k.

*Gwaji na biyu.* A jera alli 20 a kan tebur tsakanin rula biyu, layi ɗaya, a auna tsawon jerin. A buɗa tsakanin rulolin zuwa ninki 1.87 na kaurin alli, a sake jerawa layi biyu, a auna. Don wannan gwaji a karya allin gajeru a tsayar da su a kan gindinsu. A gwada sakamakon da lissafin sashe na 4.

*Gwaji na uku.* A tara ƙusa, murfin tukunyar alminiyam, guntun wayar jan ƙarfe da cokalin roba. A rarraba su da maganaɗisu da nauyi kaɗai, kowane rukuni ya rubuta hukuncinsa da matakin tabbacinsa.

11. Tambayoyi

1. Lissafa sassa biyar na gidan harsashi, ka faɗi wanda ya fi amfani wajen sanin zamani da dalilinka.
2. Sifirin yana da k = 0.15 niyuton a milimita, an fara matse shi da milimita 60. Nawa ne ƙarfinsa idan an ƙara matsi na milimita 105?
3. Harsashi 33 masu kaurin milimita 10 a jeri biyu mafi matsatsi, tsawon nawa za su ci?
4. Me ya sa tsofaffin gidajen harsashin M1911 suke da launi biyu?
5. An kawo gidan katantanwa na Luger, an ce na 1917 ne, amma lambobinsa da leza aka rubuta su. Wane hukunci za ka yanke, kuma a wane mataki na tabbaci?
6. Gidan harsashi yana ɗauke da rubutun "na jami'an tsaro da gwamnati kaɗai". Me rubutun ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemi tsohon kayan ƙarfe ɗaya a gidansu, kwado ko fitilar ƙwai ko dutsen guga na gawayi, ya tambayi manya labarinsa ya rubuta. Sannan ya bi matakai biyar na sashe na 6, ya cika katin bayani mai ɗauke da awo, irin ƙarfe, rini, rubutu ko tambari, da duk wata takarda. A layin ƙarshe na katin ya rubuta ko shaidun sun tabbatar da labarin, ko sun bar shi a mai yiwuwa, ko sun kore shi. Za a karɓi katunan a darasi mai zuwa.